Siminti a Kan Bangon Ƙasa

Takalman surukina na sani, fuskarsa kuwa ban san ta ba. Shekara uku ina auren 'yarsa Shamsiya, amma da za a ce in zana Alhaji, zan fara da baƙin takalmin nan mai ƙarfe a baki da yake sawa wurin aiki, in bi da fararen silifas na Juma'a, daga nan alƙalami ya tsaya. Haka aka rene mu a Damagaram. Ba ka kallon suruki a ido, ba ka cin abinci a gabansa, ba ka kama sunansa ko a bayan idonsa. Sunan nasa, Mounkaila, yana rubuce da manyan baƙaƙe a jikin farar motarsa ta aiki, ni kuwa ko karanta shi a fili ban taɓa yi ba. Na zo Faransa, na yi shekara biyar a makarantar injiniyoyi a Villeurbanne, gefen birnin Lyon, na koyi lissafin nauyin da ginshiƙi ke ɗauka, amma wannan tarbiyya ba ta bar ni ba, ni ma ban so ta bar ni ba. Har alfahari nake da ita.

Sunana Kamalu. Ina aiki a wani ƙaramin ofishin injiniyoyi a Lyon, ƙarƙashin wata mace mai suna Inès, wadda ba ta da lokacin dogon zance amma tana da adalci. Aikin da ya kusa kashe mu wata tsohuwar masaƙar siliki ce a bakin kogin Saône, arewa da gari. Ta haura shekara ɗari da hamsin, an rufe ta tun kafin a haife ni, tantabaru suka gaje ta. Wani kamfani ya saye ta zai mayar da ita gidajen zama ashirin da huɗu, aka ba mu aikin tabbatar da cewa ginin zai ɗauki mutane da gadajensu ba tare da ya durƙushe ba.

Ranar da muka fara zagaya ta, Inès ta sa guduma ta ɓantare tsohon shafen bangon hawa na biyu. Abin da ya fito ja ne, yana marmashewa a hannu.

"Ƙasa ce," na ce.

"Ƙasa ce," in ji ta. "Rabin tsofaffin gine-ginen yankin nan haka suke. Dutse daga ƙasa zuwa hawa na ɗaya, daga nan sama ƙasa ce aka daddaɓe. Ka taɓa ganin irinsa?"

Dariya ta kama ni. Na baro ginin ƙasa a Birnin Damagaram, na haye teku, sai ga shi ya riga ni zuwa yana jira na. Kakana Malam Sa'idu magini ne, a gindinsa na tashi. Shi ya koya mini cewa bangon ƙasa numfashi yake yi: ya sha ruwa da damina, ya fitar da shi da rani. Muddin ka bar shi ya fitar, jikokinka za su kwana a cikinsa. In ka toshe masa hanya, ruwan sai ya zauna a ciki ya mayar da shi taɓo.

Ba a baki kawai na koyi wannan ba. Ina ɗan shekara tara, maƙwabcinmu ya samu buɗi ya shafe katangarsa da siminti ciki da waje, unguwa duka ana zuwa kallo. Kakana ya je ya gaya masa gaskiya, mutumin ya ce hassada ce. A damina ta uku, bayan azahar, katangar ta zauna a kan wata mata mai suna Hafsah tana wanki a gindinta. Ba ta yi wata babbar ƙara ba, kamar dai an sauke buhun gero daga kan jaki. Ni na fara isa wurin. Na ga ƙafarta da lalle, na ga simintin ya fashe fale-fale kamar ɓawon ƙwai, abin da ke bayansa kuwa taɓo ne tsamo-tsamo. Har yau in na ji warin jiƙaƙƙiyar ƙasa a cikin ɗaki gabana faɗuwa yake.

Saboda haka da muka zauna tsara aikin masaƙar, na san abin da nake yi. Muka shirya a kafa ginshiƙan ƙarfe a cikin ginin, a fara daga kudu a bi zuwa arewa, su karɓi nauyin benayen. Kafin ƙarfen ya isa arewa, tsofaffin gungumen katakon da ke riƙe da bene za su ci gaba da dogara da bangon ƙasa, yadda suka saba. Game da shafe kuwa, ni da hannuna na rubuta cewa da farar ƙasa za a yi shi, don ita tana barin bango ya yi numfashi. Na ja layi biyu a ƙarƙashin wurin.

Kamfanin da ya samu aikin shafen na surukina ne. Alhaji ya baro Maraɗi yana saurayi, ya fara da dako a kasuwar Rungis da ke gefen Paris, ya koma gini, yau shekara talatin yana shafe gidajen Paris da ma'aikatansa bakwai. Hannunsa na da kyau, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Sai dai duk aikinsa a kan dutse da kankare ya yi shi, kuma a wurinsa ginin ƙasa shi ne talaucin da ya baro a gida. Na gaya wa Inès dangantakarmu tun farko. Ta ɗaga kafaɗa ta ce ba komai, ai na fi kowa iya yi masa magana. Ba ta san abin da ta faɗa ba.

A tsakiyar Satumba na ɗauki hutun sati biyu, na kai Shamsiya gidan iyayenta a unguwar Belleville cikin Paris, cikinta na fari ya shiga wata na bakwai. Ranar da na dawo, tun daga ƙofar wurin aiki na hango bangon arewa. Ya zama ruwan toka, sumul, babu ko ƙwarzane. Na shiga ciki na hau bene, nan ma haka. Siminti ne.

Sai ga baƙin takalmin nan ya tsaya a gabana. Na durƙusa.

"Kamalu, an dawo lahiya? Ina su Hajiya, ina ɗiyata?"

"Lafiya lau, Alhaji. Suna gaishe ka."

"Madalla. Ka ga aikin? Farar ƙasar da kunka rubuta, sati nawa kahin ta bushe? Ga sanyi tahe. Na sa maku siminti mai kyau, ba ha'inci. Wanga bango sai ya ga jikokin jikokinmu."

Ma'aikatansa na tsaye a bayansa suna murmushi. Kalma huɗu kawai ake bukata daga gare ni: Alhaji, a cire shi. Suna nan a bakina, na ji nauyinsu a kan harshe. Na dubi bakin takalminsa, wani ɗigon siminti ya bushe a kai.

"Sannu da aiki, Alhaji," na ce.

A ranar na yi laifi na biyu, wanda ya fi na farko. Duk sati ina rubuta rahoton abin da na gani a wurin aiki. Na zauna gaban na'ura na rubuta batun ƙarfe, na rubuta batun rufi, na tsallake bangon arewa. Na ce wa kaina in na rubuta, an tozarta dattijo a gaban Turawa ke nan. Gara a gyara a cikin gida, a shiru. Inès a lokacin tana fama da wani aiki a wani gari, rahotona kawai take karantawa, ta yarda da ni.

To ta yaya ake gaya wa suruki magana mai nauyi? Aike ake yi. Na kira Shamsiya na yi mata bayani kusan rabin awa, har da labarin Hafsah.

"Attends, dakata, Kamalu," in ji ta. "So kake in ce wa Baba aikinsa ba shi da kyau?"

"Ba haka ba. Ki ce simintin ne bai dace da bangon ba, a cire shi."

"Ni ba zan iya ba. Zan gaya wa Mama, ita ta san yadda take bi da shi."

Shamsiya ta rage wa maganar kaifi don kada uwarta ta ga mijinta ya yi rashin kunya. Hajiya Zuhura ta ƙara ragewa don kada mijinta ya ƙullaci surukinsa. Ta jira ya zo gida hutun ƙarshen mako, ya ci ya ƙoshi ranar Asabar, sannan ta ajiye masa abin da ya saura. Ban zargi ko ɗayansu ba, kowacce ta yi abin da aka koya mata, ni ne na ɗora masu kayan da ba nasu ba.

Ranar Laraba Alhaji ya tare ni a tsakar wurin aiki, muryarsa cike da jin daɗi.

"Saƙonka ya iso, Kamalu. Hajiya ta ce ka ce a yi hattara da ruwa wajen bangon arewa. Allah shi yi maka albarka, ka yi tunani. Jiya na sa anka ƙara mashi shahin siminti na biyu. Yanzu ko ɗigo ba shi ratsa shi."

Na ce amin. Wallahi amin na ce.

Ruwa ya sauko a farkon Oktoba, irin ruwan Lyon ɗin nan marar zuciya, ba ya zuba da ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. A sati na biyu iska ta yage tamfol ɗin da aka rufe kusurwar rufin arewa da shi, masu rufi ba su zo gyara ba sai bayan kwana huɗu. Kwana huɗu ruwa na sauka kai tsaye a kan bangon, yana shiga ta sama, ba shi da ta inda zai fita. Daga waje bangon na nan sumul, har mai zanen ginin ya tsaya yana yaba shi.

Wani siririn tsagi ya bayyana a kusurwar da bangon arewa ya haɗu da na gabas. Akwai dabarar da ake yi wa irin wannan: a manna ɗan farin filasta a kan tsagin, a rubuta kwanan wata a jikinsa. In bango na motsi, filastar za ta tsage. Masu aikin gini a nan suna kiran ta shaida. Na manna uku da kaina, ban gaya wa kowa dalili ba. Kullum da safe kafin in gaida kowa sai na zagaya na duba su. In na same su lafiya sai in ce to, watakila maganar kakana ta yi yawa, watakila ƙasar Faransa daban ce. Abinci ya daina shiga. A cikin jirgin taram, a masallaci, ko ina ina lissafin nauyin da gungumen nan suke ɗora wa bango, ina ragewa ina ƙarawa, amsar ba ta canzawa. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, irin wanda ke sa mutum ya manta raka'a ta nawa yake.

A sati na bakwai na ce ya isa. Na hau jirgin ƙasa zuwa Paris ranar Lahadi da niyyar in faɗa masa da bakina a gidansa, inda babu ma'aikata. Tun daga Lyon nake maimaita jimlar, a cikin jirgin metro na ƙarƙashin ƙasa ma ina maimaita ta, har wata tsohuwa ta matsa daga kusa da ni.

Na tarar da falon cike da baƙi, 'yan kasuwa abokan Alhaji sun zo daga Maraɗi. Na durƙusa a bakin ƙofa muka yi gaisuwa mai tsawo, gida, aiki, sanyi, gajiya. Ina shirin in ce ina son ganinsa a keɓe, sai na ji ya ɗora hannu a kafaɗata.

"Kun gan shi nan," ya ce wa baƙin. "Injiniya ne, Turawa na tashi tsaye in ya shigo. Amma shekara ukku bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba. Yaran yanzu da sun yi boko sai su mance gida. Wanga ɗan mutane ne."

Baƙin suka yi ta sa albarka. Jimlar da na ɗauko tun daga Lyon ta narke a bakina. Aka kai ni wani ɗaki aka kawo mini shinkafa da miya, na zauna ina juya cokali.

Shamsiya ta shigo tana dafe da ƙugu, ta rufe ƙofa.

"Ka gaya masa?"

Na ci gaba da juya cokali.

"Kamalu, ka rame. Ka gaya mini gaskiya, c'est grave? Abin ya yi tsanani ne?"

"Bangon zai iya faɗuwa."

"Yaushe?"

"Ban sani ba. Wata mai zuwa. Gobe."

Ta daɗe tana kallo na. Ban taɓa ganin wannan kallon a idonta ba.

"Kai kunya kake ji," ta ce a hankali. "Ni kuma babana ne ke shiga cikin ginin nan kowace safiya. In ba za ka iya ba, ka kira Inès. In ba ka kira ta ba, ni zan nemi lambarta."

Na ce gobe Litinin zan yi, da na duba shaidun. Ta buɗe ƙofa ta fita ba ta ce a sauka lafiya ba.

Alhaji ya koma Lyon da motarsa a yammacin ranar. Ni na bi jirgin safe, na isa wurin aiki wajen ƙarfe tara da rabi, ana yayyafi. Ban tsaya gaida kowa ba, na zagaya kusurwar arewa.

Shaidun uku duka sun tsage. Ta tsakiya ma ta faɗo ƙasa, rabin kwanan watan na kwance a cikin ruwa. Tsagin da ranar Juma'a ko farce ba ya shiga, yanzu yatsuna biyu sun shige. Na hau tsanin da ke jingine a wurin, na ƙwanƙwasa simintin yadda kakana ke yi, da gaɓar yatsa. Ya amsa mini kamar ƙwarya. Na ɗauko sukundireba daga aljihu na soka ta cikin tsagin. Ban ko danna ba ta nutse har mariƙi. Da na zare ta, jan ruwa ya biyo ta yana gangarowa a kan simintin, warin nan ya bugi hancina, warin tsakar gidan Hafsah.

Na sauko daga tsanin. Sai na ji ƙarar injin ɗaga kaya a bayana. Karim direba ne ke miƙa tarin allunan filasta ta babbar tagar hawa na biyu.

"Karim, tsaya. Nawa ka kai sama?"

"Tari goma sha ɗaya, tun ƙarfe bakwai. Masu ƙarfe sun cika kudu da kayansu, Alhaji ya ce a jera a arewa."

Tari goma sha ɗaya, a kan gungumen da ke dogare da taɓo. Na ce ya kashe injin ya ja baya. Na kira Inès, na faɗa mata a jimla uku abin da na ɓoye sati bakwai. Ba ta tambaye ni komai ba.

"Ka fitar da kowa yanzu," ta ce. "Ina hanya."

Masu ƙarfe ba su ba ni wahala ba, na nuna wa shugabansu sukundireba, suka ajiye kaya suka fito. Saura Alhaji da mutanensa bakwai a hawa na biyu, daidai jikin bangon. Na tsaya a tsakar fili na ɗaga kai.

"Alhaji. Alhaji, barka da aiki."

Ya leƙo ta taga. Na sunkuyar da kai.

"Kamalu, an iso lahiya?"

"Lafiya lau. Alhaji, don Allah in da hali, da an sauko ƙasa ana son ganinka."

Ku ji fa. Bango na shirin cin mutum takwas, ni ina cewa in da hali.

"Muna zuwa," in ji shi. "Bari mu ida jera wanga kaya."

Ya koma ciki. Na kira Salim, babban ma'aikacinsa, a waya, na ce su fito duka. Ya ce to, sai dai Alhaji ya ce a ƙarasa, minti ashirin ne kawai. Mutanen Alhaji ba sa jin maganar kowa in yana wurin, shi ya ɗauko yawancinsu daga kan titi ya koya masu sana'a.

Sai na ji wata ƙara daga cikin ginin, ƙas, kamar an karya ƙaton kara. Gungume ne ya motsa a maɗaurinsa. Wani faifan siminti mai faɗin tabarma ya kumbura daga jikin bangon, ya tsaya a haka.

Abin da ya kamata in yi shi ne in ruga sama in janyo shi. Ba zan ɓoye ba, ƙafafuna sun ƙi. Na dubi ƙofar benen na ga ƙafar Hafsah, na kasa ɗaga tawa. Abin da ya rage mini murya ce, kuma na san in na sake cewa Alhaji zai sake cewa muna zuwa. Abu ɗaya kawai na sani da zai sauko da mutumin nan a guje.

Na cire hular kwano, na cika ƙirjina da iska.

"Mounkaila!"

Sunan ya fita bakina kamar ba nawa ba. Karim ya juyo yana kallo na.

"Mounkaila! Aikinka aikin banza ne! Ka sauko in gaya maka a gaban yaranka!"

Duk wata ƙara da ke sama ta ɗauke. Na ji an jefar da wani abu, sannan na ji takun takalmin nan a kan matakala, yana sauka bibbiyu. A bayansa sauran takalma, ana cewa Alhaji yi haƙuri, Alhaji tsaya. Sun biyo shi ne don su riƙe shi kada ya illata ni. Ina tsaye ina ƙirga su suna fitowa daga ƙofa: ɗaya, biyu, uku, har shida, shi na bakwai a gaba.

Ya ratso filin ya nufo ni. Marin ya sauka a kuncina na hagu, na ji gishiri a bakina. Kafin ya ɗaga na biyu na cafke wuyan hannunsa, hannun da ko gaisawa ban taɓa yi da shi ba sai da hannu biyu, na ja shi da ƙarfi zuwa ƙofar fita. Yana tirjewa, mutanensa na bin mu suna ƙoƙarin raba mu, haka muka yi nisa da ginin.

Wannan karon ma ƙarar ba ta kai yadda mutum zai zata ba. Bangon ya fara zama ne daga tsakiya, a hankali, simintin na fashewa yana zubowa. Sannan gungumen suka suɓuce, bene ya karkata, tarin allunan suka biyo shi, rufin kusurwar ya bi bayansu. Ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafafunmu. Jan taɓo ya malalo har wurin da nake tsaye ɗazu, ya binne hular kwanona.

"Salim," wani ya ce. "Ina Salim?"

Bakwai na ƙirga, takwas ne a sama. Na san haka tun suna fitowa, na ƙi yarda ne kawai. Muka tsaya cirko-cirko muna kallon ƙura, babu mai iya matsawa kusa. Ban san tsawon lokacin ba. Na san dai na karanta duk abin da na iya, na kuma ga kaina ina tsaye gaban matar Salim.

Sai ga shi ya ɓullo ta ƙofar kudu yana tari, fari fat, hannunsa na dama na reto. Ya tsaya kashe injin kwaɓa ne, da ya ji bene na tafiya ya yi kudu da gudu, wani katako ya same shi a kafaɗa. Karim ya tare shi ya zaunar da shi, aka kira motar asibiti.

Har lokacin ina riƙe da hannun Alhaji. Na sake shi. Jikina ya koma yadda ya saba, na durƙusa a cikin taɓo ina kallon takalminsa.

"Simintin ne?" ya tambaya.

"Shi ne, Alhaji. Ya hana ruwan fita."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da na gan shi."

Ya tsaya yana lissafi. Yayyafi na sauka a ƙeyata.

"Sati bakwai," ya ce. "Sati bakwai kana durƙusa mani da sahe, kana kallo ina hawa da ɗiyan mutane. Da yau ta ƙare da mu, sai a ce Kamalu yaro ne mai ladabi."

Na ƙara sunkuyar da kai.

"Tashi. Tashi ka dube ni."

Na tashi. Ɗaga idon ya fi kiran sunan wuya. Ashe yana da tabo a girar dama, ashe gemunsa ya yi fari haka. Idanunsa na Shamsiya ne sak, kuma babu fushi a cikinsu, tsoro ne, irin wanda na kwana da shi sati bakwai. Tsoho ne kawai da ya kusa kashe mutum bakwai bai sani ba, saboda wanda ya sani ya ji nauyinsa.

Wata ƙaramar mota ta tsaya a bakin ƙofa. Inès ta fito, ta tsaya tana kallon inda bangon arewa yake a da.

"Ga shugabarka nan ta iso," in ji Alhaji. "Abin da ni na yi, ni za ni gaya mata. Naka kuma ka tahi ka gaya mata da bakinka. Kada ka aiki kowa."

Na goge jinin da ke bakina da hannun riga, na nufi wurinta. Ina jin takun takalminsa a bayana.